Yadda Na Zaɓi Wurin Koyon Wasan Kwaikwayo a Dogon Hutu

Daga wata 'yar aji shida, Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo

Duk shekara idan an gama jarrabawar zango na uku aka ba da dogon hutu, kowace ɗaliba da inda take sa gaba. Waɗansu sukan tafi ƙauye wurin kakanni, tun da hutun yakan faɗo ne a tsakiyar damina, watau daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Waɗansu sukan shiga lesin, waɗansu a kai su koyon ɗinki ko saƙa, waɗansu kuwa barci da latsa waya su ne aikinsu har ranar komowa. Mu 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo muna da tamu damuwar dabam. A 'yan shekarun nan wuraren da ke cewa suna koyar da wasa lokacin hutu sun yawaita, kuma ba a gane na kirki da na banza daga takardar talla. Ni na sami kaina cikin wannan hali a hutun da ya wuce, shi ya sa na ga ya kamata in ba da labarin yadda aka yi, ko ƙannena na aji huɗu da na aji biyar za su amfana, iyayenmu kuma su ji abin da ke ranmu.

Tun ina aji biyu na shiga ƙungiyar nan. Kamar yadda kowa ya sani, mukan taru ne ran Laraba bayan la'asar, mu yi awa ɗaya da rabi, in ba a soke taron saboda jarrabawa ko aikin tsabta ba. Da yake makarantarmu ta 'yan mata ce, mu ke fitowa a mata, mu ke fitowa a maza. Bara da muka yi Kulɓa Na Ɓarna, wasan Umaru Ɗanjuma Katsina wanda aka buga a 1979, ni aka ba alhajin nan mai yaudarar 'yan makaranta, na sha babbar rigar da muka aro wurin maigadi, da gemun auduga. Bayan an tashi, Malamar da ke kula da ƙungiyarmu ta kira ni gefe. Ta ce ta ga alama ina da rabo a wannan fanni, amma akwai abubuwan da ba za a iya koyonsu a taron mako-mako ba, kamar yadda mutum zai kai muryarsa ƙarshen babban ɗakin taro ba tare da lasifika ba, da yadda zai tsaya a dandamali, da yadda ake tsara wasa tun daga tushe. Ta ce in nemi inda zan ƙaru a dogon hutu, amma in tabbata da sanin iyayena, kuma kada in biya ko kwabo sai an je an gani da ido.

Da na fara bincike sai na sami wurare uku. Na farko talla ce da ke yawo a wayoyin mutane ta WhatsApp, mai launi gwanin kyau, da hotunan 'yan fim. Wai kwas ne na mako biyu a wani otal na wani babban gari, ana biyan naira dubu 80, a ba mutum takardar shaida, kuma an yi alkawarin duk wadda ta halarta za a sa ta a fim. Na biyu wani gidan rediyo ne da ke da shirin wasan kwaikwayo na matasa, suna karɓar 'yan makaranta kyauta ran Asabar. Na uku kuwa ba shi da talla ko kaɗan, a bakin Malamarmu na ji shi. Wata dattijuwar malama ce da ta yi ritaya, takan tara yara a wata makarantar firamare da ke unguwar da ke maƙwabtaka da tamu a nan Zariya, ta yi mako shida tana koya musu wasa.

Akwai kuma na huɗu, wanda ba ni na samo shi ba, watau lesin. Shi ne zaɓin Baba tun kafin a ba da hutu, domin jarrabawar WAEC tana gabana, kuma ba ya son ya ji wata magana in ba ta Lissafi da Turanci ba.

A gidanmu ba a tunkarar Baba da magana irin wannan kai tsaye, ta hannun Umma ake bi. Na yi kwana uku ina lallaɓa ta kafin ta yarda ta kai maganar. Ran da ya kira ni bayan sallar isha'i, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takardar da na rubuta wuraren nan uku da kuɗin kowanne. Ya duba ya sake dubawa, sa'an nan ya ce, "Uwata, ni ban ce wasan kwaikwayo abin banza ne ba. Da Samanja da Karambana muka tashi, har gidan maƙwabta muke zuwa kallo. Amma ke mace ce, mutunci kuwa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ba zan ba da 'yata ga mutanen da ban san daga inda suka fito ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "To, ga abin da nake so a amsa mini a kowane wuri. Wa ke koyarwa, kuma a ina shi ya koya? Me za a yi muku tun daga ranar farko har ranar ƙarshe? Ƙarfe nawa ake farawa, ƙarfe nawa ake tashi? In wani abu ya faru, wa zan je in riƙe? Duk wurin da ya amsa waɗannan, sai mu zauna mu yi magana. In babu, lesin yana nan yana jiranki."

Da waɗannan tambayoyi huɗu muka auna wuraren. Yayana yana koyon gyaran mota a garin da za a yi kwas ɗin nan na farko, saboda haka shi aka aika ya gano. Ya tarad da ofishin ɗaki ne guda a saman waɗansu shaguna, da wani saurayi zaune gaban kwamfuta. Ya tambaye shi su wa za su koyar, ya ce manyan jarumai ne za su zo. Ya ce waɗanne daga ciki, ya ce wannan sai ranar buɗewa za a sani. Ya tambayi yawan ɗaliban da za a ɗauka, ya ce ko nawa aka samu. Ya nemi ya ga tsarin darussa, babu. Da ya zo kan masauki, sai aka ce kowa shi zai nemi nasa, kuma ɗaukar fim wani lokaci takan kai dare. Kuɗin kuwa sai an fara tura su asusun banki mai sunan wani mutum kafin a ba da fom. Da Yaya ya bugo waya ya zayyana wannan duka, Baba ya yi shiru, can sai ya ce, "Dubu 80! Ai ya fi mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta yanka wa ma'aikaci a 2024, dubu 70 ke nan na wata guda cur. Kuma a ce ba a san ko sunan malamin ba?"

Ban ce duk mai shirya irin wannan kwas mayaudari ne ba, Allah ya kiyashe ni da ɗaukar alhaki. Abin da na sani shi ne, ko ɗaya daga tambayoyin nan huɗu ba a amsa ba. Abin da suke sayarwa shi ne alkawarin fitowa a fim, alhali kuwa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Malamarmu ta taɓa gaya mana cewa fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafa shi a farkon finafinan bidiyo na Hausa, ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi shi, mutanen da suka riga suka daɗe suna wasa tare kafin su yi tunanin fim. Ashe ke nan ita kanta sana'ar daga ƙungiyoyin wasa ta tsiro, wurin da ake gwaji yau da gobe har hannu ya faɗa.

Gidan rediyon kuwa ni da Umma muka je. Mai shirya shirin ya karɓe mu da mutunci, ya nuna mana ɗakin da ake ɗaukar murya, ya kuma amsa duk abin da aka tambaye shi. Awa biyu ake yi kowace Asabar, da rana tsaka, iyaye na iya zama su jira. Rediyo babbar makaranta ce ta koyon sarrafa murya, domin mai sauraro ba ya ganin fuskarka, da murya kaɗai zai gane tsoho ne ke magana ko yaro, fushi ake yi ko zolaya. Wasannin Malam Shu'aibu Maƙarfi ma a rediyon Kaduna aka fara jin su, kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Amma da na yi lissafi sai na ga Asabar shida sau awa biyu, awa 12 ke nan a dukan hutun, kuma matasan sun fi ashirin, ba kowace rana layi zai zo kanka ba. Ga nisa, sai an hau mota biyu. Bugu da ƙari, ni ina bukatar koyon tsayuwa da motsi gaban 'yan kallo, wanda ba a yinsa a gaban abin magana. Saboda haka muka yi godiya, muka ce sai wani jiƙon.

Saura wurin dattijuwar malamar nan. Ita dokarta ta farko ita ce ba ta karɓar yaro sai uwarsa ko ubansa ya zo da ƙafarsa. Wannan kaɗai ya sa Baba ya ce shi zai je da kansa, gani ya kori ji. Muka same ta a wani aji na makarantar firamaren, tana jera kujeru a jikin bango. Bayan an gaisa, kafin Baba ya buɗe baki sai ta miƙo masa takarda guda da ta rubuta da hannu, ga aikin kowane mako a jere, daga na ɗaya har na shida. Ta ce ana zuwa Litinin zuwa Alhamis, daga ƙarfe tara zuwa sha biyu, kowa ya koma gida kafin azahar. Ba ta ɗaukar fiye da yara ashirin, maza da mata, kuma kowace rana akwai iyaye mata biyu da ke zama da su bi da bi. Hedimasta da mai unguwa duk da saninsu ake yi. Kuɗin naira dubu biyar ne na takarda da alli da ruwan sha. Ta kuma kwatanta masa gidanta, ta ce duk ran da ya ga dama ya faɗo ajin ba sai ya sanar ba.

Baba ya ce, "Ranki ya daɗe, a ƙarshe me yarinya za ta samu?"

Ta ce, "Alhaji, ba zan ce maka za ta fito a fim ba, ba ni da kyamara. Takardar shaida ma in na ba ta, ba inda za ta kai ta a ɗauke ta aiki. Abin da zan iya shi ne in koya mata ta tsaya gaban jama'a ta yi magana a ji, ta iya sauraron wani, ta kuma san cewa wasa aiki ne. Za ta yi shara, za ta ɗauki benci, watakila ma ba ita za ta fito a babbar 'yar wasa ba."

Sa'an nan ta ba mu labarin inda ta koya. Ta ce a Jami'ar Ahmadu Bello ta yi karatu cikin shekarun 1980, inda aka fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin wani Bature mai suna Michael Etherton. Gidan wasansu da ke Samaru da ƙasa aka gina shi, bisa fasalin gidan Bahaushe, da ɗakuna kewaye da fili a tsakiya, wani mai zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, shi ya zana shi. Abin da jami'ar ta yi suna a kansa shi ne fita da wasa wurin talakawa. A 1977 malamai da ɗalibai suka je ƙasar Soba suka yi Wasan Manoma, daga baya kuma aka riƙa tura ɗalibai cikin garin Samaru. Hanyarsu ita ce a shiga cikin mutane a ji abin da ke damunsu, a shirya wasa da shi, a nuna musu a filin unguwarsu, kana a zauna a tattauna. Ta ce wannan hanya ita take bi da yara har yanzu. Ta kuma tuna wa Baba cewa Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, kuma Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗan wasan kwaikwayo ne a ƙuruciyarsa, ga shi kuwa har ya rasu a 2017 ana misali da iya maganarsa.

Abin da ya ƙarasa shawo kan Baba shi ne da ta juyo ta ce in kawo mata sakamakon jarrabawata ta gani. Ta ce duk mai son ya mai da wasa sana'a ta gaskiya, ko a jami'a ko a makarantar koyon aikin fim ta ƙasa da ke Jos, sai ya bi ta ƙofar jarrabawar gama sakandare. Jami'a tana neman kiredit biyar, kuma ga mai son karanta wasan kwaikwayo har da Turanci da Adabin Turanci a ciki. Saboda haka yaron da ya yar da littafi don wasa, ya rufe wa kansa ƙofar wasan ke nan. Na ga Baba yana gyaɗa kai, na san magana ta shiga.

A hanyar komowa gida na yi masa nawa lissafin. Awa uku sau kwana huɗu sau mako shida, awa 72 ke nan, ya fi abin da muke samu a ƙungiyarmu ta makaranta a shekara guda. Ya ce ya yarda, amma bisa sharaɗi uku. Zan riƙa tafiya da ƙanena mu dawo tare. Zan yi lesin na Lissafi da Turanci da yamma sau uku a mako. Kuma ba a sa hotona a waya. Na ce na ji na karɓa.

A makon farko babu wanda ya fito a kowa. Shara muke fara yi kowace safiya, maza su fitar da benci, sa'an nan a tsaya a da'ira a koyi numfashi. Malama takan sa mu ɗora hannu a ciki, mu ja iska har hannun ya ɗago, mu sake ta a hankali muna ƙirga. Ta ce mai magana daga maƙogwaro ihu yake yi, kafin a raba wasa biyu muryarsa ta dishe, amma mai turo iska daga ciki zai yi magana a hankali a ji shi daga nesa. Takan tsai da mutum a wannan raga ta filin ƙwallo, ita ta koma waccan, ta ce ya gaya mata abin da ya karya kumallo da shi ba tare da ya ɗaga murya ba. In ba ta ji ba sai a sake. Akwai ran da na maimaita "koko da ƙosai" ya fi sau goma sha biyar, har 'yan firamaren da ke leƙe suka riƙa kirana da sunan.

A mako na biyu aka koma kan lura da mutane. Aka ce kowa ya bi wani babba zuwa kasuwa, ya zaɓi mutum ɗaya ya zuba masa ido, yadda mai awo ke shafe bakin mudu, yadda dillali ke riƙe hannun mai saye, yadda tsohuwa ke dafa gwiwa kafin ta zauna. Washegari sai ka nuna shi ba tare da ka ce uffan ba, sauran su faɗi ko wane ne. Malama ta ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, duk yaron da ya taɓa yin tashe daga goma ga watan azumi, ya sa tsumma ya riƙe sanda ya zama tsoho, ya riga ya fara. A makon ne kuma muka koyi cewa ba a juya wa 'yan kallo baya ana magana, ba a tare ɗan'uwa, kuma ba a tsayawa ana jiran layi ya zo kamar mai jiran mota. Sai ka saurari abin da abokin wasanka ke faɗa kamar yau ka fara jinsa.

Mako na uku shi ne na shiga unguwa. Aka raba mu biyu-biyu da izinin mai unguwa. Maza suka tafi majalisun dattawa da na samari, mu mata kuwa muka shiga cikin gidaje, inda su ba su da ikon shiga. An gargaɗe mu cewa ba wa'azi aka aike mu ba, tambaya za mu yi mu kasa kunne. Da muka haɗa abin da muka jiyo, sai ga shi kusan duk magana ɗaya ce: kwatoci sun toshe, in an yi ruwa sai ya shiga gidaje, yara kuma ba su rabuwa da zazzaɓi. Amma kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Mata suna cewa maza sun ƙi fitowa su yashe kwata. Maza suna cewa mata ne ke cika ta da shara. Da muka bi diddigi sai muka gane yawanci yara ake aika da shara da magariba, su kuwa juji ya yi musu nisa ga duhu, sai su juye a kwatar da ke bayan gidan maƙwabci su ruga.

Da wannan muka gina wasanmu a mako na huɗu da na biyar. Ba a fara da rubutu ba. Akan ce ku biyu maƙwabta ne, ruwa ya shiga ɗakin ɗaya da dare, to ku haɗu a ƙofar gida da safe mu gani. Abin da ya yi daɗi a riƙe, wanda bai yi ba a zubar, sai daga baya aka rubuta shi fitowa-fitowa. Malama ta gayyato wata ma'aikaciyar lafiya ta yi mana bayani don kada mu faɗi abin da ba daidai ba gaban jama'a. Daga wurinta na ji cewa a ruwan da ke kwance sauro ke yin ƙwai, ko da a tsohuwar taya ne ko fasasshen gwangwani, kuma cikin kwana goma ko makamancin haka ƙwan ya zama sauro mai tashi. Ni aka ba kaka, wadda maganarta duka ba ta wuce layi bakwai ba, aka kuma ɗora mini kula da kayan sawar kowa. Amma kakar nan tana zaune a fili tun daga farkon wasa har ƙarshe tana tsince wake, kuma a nan na san wuyar zama cikin rigar wani alhali ba ka magana, domin ko ka yi shiru idon mutane yana kanka.

Ran Asabar ta ƙarshe bayan la'asar muka yi wasan a filin ƙofar gidan mai unguwa. Babu dandamali, babu labule, babu lasifika, jama'a ne suka kewaye mu, mata a gefe guda bisa tabarmi. Da aka kai inda maƙwabtan nan biyu za su kai juna ƙara, ga yaro kwance ba lafiya, sai Malama ta tafa hannu ta tsai da wasan, ta juya ga jama'a ta ce, "To, ku ne alƙalai, yaya za a yi?" Aka yi ta musu har ya fi wasan tsawo, wata tsohuwa ta miƙe ta wanke maza tas, aka yi ta dariya. Daga ƙarshe mai unguwa ya sa ranar gayya, kuma Asabar ta gaba an yashe kwatocin layi biyu. Ban ce an rabu da sauro ba, kafin damina ta ƙare wani ɓangaren ya sake cika. Amma dai mun ga wasan da muka ƙaga da kanmu ya sa manya sun ɗauki shebur.

Baba yana can baya a tsaye cikin maza, bai ce mini kome ba a wurin. Sai da dare, na kai masa abinci, ya ce, "Uwata, duk abin da kika faɗa na ji shi daga inda nake." Ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya ce, "Wannan dafa gwiwar kuwa, ta Inna ce." Inna ita ce mahaifiyarsa, wadda aka sa mini sunanta, Allah ya ji ƙanta. Gaskiyarsa kuwa, tafiyarta da zamanta na ara.

Da muka komo makaranta na tarad da wata ƙawata ta halarci wani kwas irin na otal ɗin nan. Ta nuna mana takardar shaida mai kyau da hotuna da yawa. Ta ce ta ji daɗi, amma sun fi mutum ɗari a ɗaki guda, kuma sau biyu kacal ta tsaya gaban kyamara. Yanzu Malamarmu ta ware minti goma sha biyar a farkon kowane taron Laraba, ina koya wa 'yan ƙungiya numfashin nan, ita ma ƙawar tawa tare muke yi.

'Yan'uwana ɗalibai, ga shawarata ga mai son ta nemi irin wannan wuri a hutu mai zuwa. Ki fara bincike tun zango na biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki nemi sunan mai koyarwa da inda ya koya da wanda ya san shi. Ki nemi a nuna miki aikin kowace rana a rubuce, ki ƙirga awannin, ki kuma tambayi yawan ɗalibai, domin a wasa sai an tashi an yi ake iyawa, ba a koyonsa daga kan kujera. Ki tambaya ko akwai wasan da za a nuna a ƙarshe, wanda iyaye za su zo su gani. Duk wurin da ya fara da maganar kuɗi da alkawarin suna, ko ya ce ki zo ke kaɗai, ko ya ce kada ki gaya a gida, to ki ja da baya. Kada kuma ki raina wuri don yana kusa da gida ko don ba shi da talla.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙonku da girmamawa, idan 'yarku ta zo da irin wannan magana, kada a kore ta tun ba a ji ba. Tsoron da kuke ji yana da dalili, mu ma mun sani. Amma yarinyar da aka hana ba tare da bayani ba, ita ce mai talla zai fi saurin samu ta waya, ba da sanin kowa ba. Gara a yi kamar yadda Baba ya yi, a kafa tambayoyi, a taka a je a gani, a gindaya sharaɗi. In wurin na kirki ne zai yi murna da zuwanku, in kuwa ba na kirki ba ne, zuwan naku shi zai tona shi.